Daga Filin Unguwa Zuwa Kofin Duniya: Yadda Mena ta Matasa Ke Samun Gurbi

Bamaraɗe ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda ɗan kokawa ke kaiwa gasar takobi. Ana fara karawa a ƙauye, a tace a gunduma, a sake tacewa a jaha, sannan a fitar da mutum goma da za su tsaya wa Maraɗi a gaban ƴan kokawar sauran jahohi bakwai. Tun da Yakuba Kantu ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, yaro da babba sun haddace wannan hanya. Amma ka tambayi masu kallon ƙwallo a wata fada ta Bagalam ko Mokoyo yadda yaranmu suka je kofin duniya na Indiya a 2017, ko abin da ya hana su komawa, sai ka ji amsa ta rabu gida goma. Wani ya ce ƙuri'a ce, wani ya ce gayyata ce, wani ya ce sai ƙasa mai kuɗi.

Ba ko ɗaya. Hanya ce mai ƙofofi, kowace da mai gadinta, kuma ta farkon ba a filin ƙwallo take ba. Wannan jagora ta iyaye ce, da masu horar da yara a unguwanni, da malaman makaranta na Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, waɗanda yaro ke bi ta hannunsu kafin kowa a Yamai ya ji sunansa.

Rukunin shekaru da yadda ake lissafa su

Ƙungiyoyin matasa na ƙasa da aka fi sani biyu ne: ta ƴan ƙasa da shekara 17 da ta ƴan ƙasa da shekara 20. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, ita ke haɗa su. Hukumar Afirka, CAF, ke shirya gasar nahiya. Hukumar duniya, FIFA, ke shirya kofin duniya.

Ba a tambayar yaro shekararsa nawa a ranar wasa. Ana yanke rana guda ne, 1 ga Janairu, a ce duk wanda aka haifa kafin ta ya fita. Lissafin mai sauƙi ne: ɗauki shekarar da za a buga babbar gasar, ka cire 17 ko 20. Waɗanda suka je Indiya a 2017 sai waɗanda aka haifa daga 1 ga Janairun 2000 zuwa sama. Waɗanda suka buga kofin Afirka na ƴan ƙasa da 20 a nan Maraɗi a 2019 sai haihuwar 1999 zuwa sama. Don gasar ƴan ƙasa da 17 ta 2027 kuwa, haihuwar 2010 ake nema. Yaron da ya zo duniya ranar 31 ga Disambar 2009 kwana ɗaya ya raba shi da ita, ko da ya fi kowa iya taka leda.

Abin da masu horarwa na unguwa suka fi mantawa shi ne, wasannin neman gurbi sukan riga babbar gasar da watanni, wani lokaci a shekarar da ta gabace ta. Saboda haka mai horar da ƙungiyar ƙasa ba ɗan shekara 17 yake nema ba. Idonsa na kan ɗan 15 da ɗan 16. In ka jira yaronka ya cika 17 kafin ka nuna shi, mota ta riga ta tashi.

Ƙofa ta farko: takardar haihuwa

Nan ne ƙasarmu ta fi yin asarar yara, kuma asara ce da ba a gani, domin ba a fili take faruwa ba. Ba a yi wa ɗan wasa lasisi sai da takardar haihuwa. Ba a yin fasfo sai da ita da takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Ba a shiga gasar CAF sai da fasfo mai ɗauke da rana da wata da shekara.

Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa. Wanda aka haifa a gidan likita, nan take ake rubuta shi; wanda aka haifa a gida, ana kai maganar wurin mai rajista na ƙauye ko unguwa, daga nan ta wuce ma'aikatar magajin gari. In wa'adi ya wuce, sai an bi ta hannun alƙali ya yanke hukuncin da zai tsaya a madadin bayyanawar, da shaidu. Lokaci-lokaci alƙalai kan fita ƙauyuka su yi zaman ba da irin waɗannan takardu kyauta ko da rangwame. Duk mai horar da yara da ya ji an yi shelar irin wannan zama a Tibiri ko Madarunfa, ya ajiye atisayen ranar, ya kwashi yaransa da iyayensu ya kai su.

Ga inda ake tafka kuskure. Uba ya tsaya gaban alƙali, a tambaye shi shekarar haihuwa, sai wani mai ba da shawara ya raɗa masa cewa ya rage biyu ko uku, wai don yaro ya daɗe yana buga rukunin ƙanana. Alhali yaron nan yana da suna a rajistar makaranta da wata shekarar, yana da katin rigakafi da wata. Ranar da aka haɗa takardun wuri ɗaya, ramin ƙarya ƙurarre ne. Shekara ɗaya tak ake so, ta gaskiya, a kowace takarda, da rubutun suna iri ɗaya. In an rubuta Mahamadou a ta haihuwa, kada a ga Mamane a lasisi.

Akwai kuma maganar iyaka. Gidaje da yawa a nan ƙafa ɗaya Maraɗi, ɗaya Katsina ko Jibiya. Yaron da ke da haƙƙin ƙasa biyu yana iya zaɓar wadda zai buga wa, amma da zarar ya buga wasan gasa na hukuma da rigar ɗaya, ko a rukunin yara ne, komawa ɗayar sai da izinin FIFA bisa sharuɗɗa masu tsauri. A zauna a yi shawara a gida kafin a sa hannu.

Ƙofa ta biyu: a san da kai

Mai horar da ƙungiyar ƙasa ba zai bi gonakin rani na Jiratawa yana leƙen yaran da ke buga ƙwallo bayan la'asar ba. Yana ganin waɗanda tsari ya kawo gabansa ne. Tsarin kuwa shi ne ƙungiya mai rajista a hukumar ƙwallo ta jaha, ko cibiyar horar da yara da hukuma ta san da ita, da gasar makarantu, da gasar babban hutu wadda unguwanni da garuruwa ke karawa a cikinta. Maraɗi tana da tsofaffin ƙungiyoyi irin Jangorzo da Ɗan Kasawa, kuma yaron Tibiri da ke da tafiyar ƴan mintoci a babur zuwa birni ba shi da dalilin zama ba lasisi.

Amfanin lasisi ya wuce shiga fili. Shi ne tarihin yaro a rubuce. Wanda aka yi wa lasisi yana ɗan shekara 12, aka sabunta shi kowace shekara, ranar da aka yi gardamar shekarunsa akwai abin nunawa. Wanda ya ɓullo rana tsaka yana ɗan 16 da sabuwar takarda fil, ko gaskiya gare shi, sai an dube shi sau biyu.

Daga nan sai zaɓe. Akan tara yara masu yawa, a yi ta ragewa a sansanin horo, har a tsaya kan jerin ƙarshe. A kofin duniya na 2017 kowace ƙasa ƴan wasa 21 ta kai, uku daga ciki masu tsaron gida. Ka raba sauran 18 ga jahohi takwas, ka ga ƙuncin ƙofar.

Ƙofa ta uku: awon ƙashi

Tun gasar duniya ta ƴan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009 FIFA ta shigo da na'urar MRI don duba shekaru, CAF kuma ta mai da awon wajibi a wannan rukuni. Ana sa wuyan hannun yaro a na'urar a ɗauki hoton ƙashi. A ƙarshen ƙashin damtse, dab da wuyan hannu, akwai wani ɗan guringuntsi inda ƙashi ke ƙara tsawo. Yayin da yaro ke girma yana rufewa a hankali. Likitoci sun kasa rufewar mataki shida. Daga na ɗaya zuwa na biyar yaro ya wuce. Na shida, wato ya rufe ruf, an cire shi. Ba allura, ba yanka, ba zafi. Kwanciya ce ta ɗan lokaci ba motsi.

A faɗi gaskiya, na'urar ba ta karanta ranar haihuwa. Girman jiki take gani, kuma jikin wani kan riga na wani. Ana samun yaro mai gaskiya da ƙashinsa ya rufe da wuri, a cire shi yana kuka. In haka ta faɗa wa ɗanka, ba a ce maƙaryaci ne ba, kuma rukunin ƴan ƙasa da 20, inda takardu ne abin dubawa, yana nan yana jiransa. Amma doka ce, kuma ba ta da ɗaukaka ƙara a bakin fili.

Hukuncinta ba ya tsayawa kan yaro ɗaya. A Satumbar 2018, a gasar yanki da aka yi a Yamai, an kori Benin gaba ɗaya saboda awon nan. A Janairun 2021 Togo, wadda ita ce ma mai masaukin baƙi a Lome, ta bi sahu. Kafin gasar yanki ta farkon 2023 Kamaru ta auna yaranta da kanta, 21 cikin 30 suka faɗi, ta shiga neman wasu cikin gaggawa. A 2023 ɗin kuma aka sallami Sudan ta Kudu daga kofin Afirka na Aljeriya bayan ta riga ta isa can. Gini ta fi kowa ganin takaici: ta kai wasan ƙarshe a Tanzaniya a 2019, ta samu tikitin Brazil, sai Senegal ta kai ƙara kan takardun ƴan wasa biyu, aka ƙwace tikitin aka miƙa wa Senegal. Guminsu duka ya tafi a banza saboda fasfo biyu.

Shi ya sa hukuma mai hankali ke yin nata awon tun a sansani, kafin ta sayi tikitin jirgi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙofa ta huɗu: gasar yanki

A da, ƙasashe biyu ake haɗawa su yi gida da waje, wanda ya fi yawan ƙwallaye a wasa biyun ya wuce. Ta wannan hanya Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar, ta yi abin da har yau ake labari. A Agustan 2016 ƙuri'a ta haɗa ta da Najeriya, mai riƙe da kofin duniya, wadda ta ɗauke shi sau biyar. Ana dab da wasan, awon ƙashi ya zubar wa Najeriya yara 26. Ta ci ɗaya da nema a Abuja, Mena ta rama da uku da ɗaya a Yamai, zakaran duniya ya zauna gida.

Daga gasar 2019 CAF ta sauya tsari. An kasa Afirka yanki shida: arewa, tsakiya, gabas, kudu, da yamma da aka raba biyu. Nijar tana yankin yamma na biyu, wanda ake kira UFOA B, tare da Najeriya, Gana, Kodebuwa, Burkina Faso, Benin da Togo. Ƙasashen bakwai kan taru a gari ɗaya na kimanin mako biyu, a raba su rukuni biyu, biyun farko na kowane rukuni su je wasan kusa da na ƙarshe.

Gurbi nawa yankin ke samu? Ya danganta da girman gasar nahiya a shekarar. A 2018, lokacin ƙasa takwas ke zuwa, guda ɗaya ne tak, Najeriya ta ɗauke shi a Yamai. Da aka faɗaɗa gasar sai ya zama biyu, wato duk wanda ya kai wasan ƙarshe ya samu. Haka aka yi a gasar yanki ta ƴan ƙasa da 20 a Yamai a Mayun 2022: Najeriya ta doke Benin a wasan ƙarshe, amma su biyun suka tafi Masar. Darasin da ke nan shi ne, a irin wannan gasa wasan kusa da na ƙarshe shi ne wasan rai da mutuwa. Na ƙarshe na kofi ne da hoto.

A nan ne wahalarmu take. Yankinmu ya tara Najeriya da Gana, waɗanda kofin duniya na ƴan ƙasa da 17 ya zauna a hannunsu sau bakwai in an haɗa, ga Burkina da Kodebuwa da ba sa wasa da renon yara. Ƙungiyar da za ta iya wucewa cikin sauƙi a wani yankin tana iya maƙalewa a namu shekara da shekaru.

Akwai ƙofar gefe guda ɗaya: karɓar baƙuncin gasar. Mai masauki ba ya buga neman gurbi. Ta nan Nijar ta shiga kofin Afirka na ƴan ƙasa da 17 a 2015 a Yamai, ta nan kuma ta shiga na ƴan ƙasa da 20 a Fabrairun 2019, wanda aka raba tsakanin filin Seyni Kountché da filin Maraɗi. Masu kallo a nan sun ga Senegal da Mali da Gana da Burkina da idonsu, kuma biyu daga cikinsu, Mali da Senegal, su suka kai wasan ƙarshe, Mali ta ɗauka a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Sai dai a duka biyun Mena ba ta fita daga rukuni ba. Masauki yana shigar da kai ɗaki, ba ya ba ka wurin zama.

Ƙofa ta biyar: kofin Afirka, da lissafin maki

Kofin Afirka shi ne kansa neman gurbin kofin duniya. Nasara maki uku, kunnen doki ɗaya, faɗuwa ba ko ɗaya. In ƙasa biyu suka yi daidai a maki, CAF tana fara duba wasan da suka yi tsakaninsu, sannan bambancin ƙwallayen da aka ci da waɗanda aka sha, sannan yawan waɗanda aka ci.

Wannan ƙa'ida ce ta kai mu Indiya. A Gabon, a Mayun 2017, Mena ta yi biyu da biyu da Angola, Mali ta doke ta, ta shiga wasan ƙarshe na rukuni da maki ɗaya, Tanzaniya na da huɗu. Mena ta ci ɗaya da nema. Maki ya zama huɗu da huɗu, wasan tsakaninsu kuma namu ne, sai muka wuce. A lokacin gurbin Afirka huɗu ne, na ƙasashen da suka kai kusa da na ƙarshe, don haka wannan ƙwallo ɗaya ita ce tikitin. Gana ta fitar da mu a bugun fanareti bayan haka, Gini ta karɓe na uku, amma jirgin Indiya ya riga ya tabbata.

A Indiya ma lissafi ya yi mana rana. Yaran mai horarwa Tiemogo Soumaila sun doke Koriya ta Arewa da ɗaya da nema a Kochi, Sifen ta ci su huɗu, Brazil ta ci su biyu. Da maki uku suka shiga cikin huɗu mafi kyau na waɗanda suka zo na uku, suka kai zagayen ƴan 16, inda Gana ta sake tare su da biyu da nema. Mai horarwa ya koya wa yaransa abu biyu daga nan. Na ɗaya, ko ana cin ka kada ka saki jiki, domin ƙwallon da ka hana a minti na 90 tana iya zama ita ce za a ƙirga. Na biyu, a gasar duniya ta wannan rukuni ba a ƙara lokaci. In an tashi kunnen doki a zagayen sili ɗaya ƙwale, kai tsaye fanareti ake zuwa. Wanda bai koyi bugunta a filin unguwa ba, ba zai koye ta a gaban dubban mutane ba.

Yanzu ƙofar ta ƙara faɗi. Daga 2025 FIFA ta mai da kofin ƴan ƙasa da 17 na kowace shekara, da ƙasa 48, a Katar har zuwa 2029, Afirka kuma ta samu gurbi goma. A gasar Maroko ta 2025, mai ƙasa 16, takwas da suka fita daga rukuni sun wuce kai tsaye, waɗanda suka zo na uku suka kara tsakaninsu don cike biyun da suka rage, Uganda da Masar suka samu. Na ƴan ƙasa da 20 kuwa yana nan duk shekara biyu, da gurbi huɗu. Maroko, wadda ta bi ta wannan hanya daga gasar Masar, ita ta ɗauko kofin duniya a Chile a 2025.

Tun da gasar ƴan ƙasa da 17 ta zama ta shekara-shekara, ba sauran yaron da zai ce shekarar haihuwarsa ta faɗa tsakanin gasa biyu. Amma kuma ƙasa tana buƙatar sabon zubi kowace shekara, ba ƙungiya ɗaya da za a haɗa da gaggawa in gasa ta matso ba.

Hattara da ƴan damfara

Duk inda buri ya yi yawa, macuta na kusa. Ba a sayen gurbi a ƙungiyar ƙasa, kuma kira zuwa sansani ta hannun ƙungiyar yaro da hukumar jaha yake zuwa, ba ta wayar wani baƙo da ke neman kuɗin mota da na fasfo ba. Wanda ya ce zai kai ɗanka ɗan shekara 15 wata ƙungiya a Turai, ka sani dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da ƴan togaciya da ba kasafai suke shafar yaranmu ba. Kada a sayar da gona ko tumaki saboda alkawarin baki. Kada kuma a cire yaro daga makaranta: cikin ɗaruruwan da ake tarawa, ashirin da ɗaya ne ke shiga jirgi, sauran gida za su dawo, kuma da abin da ke kansu za su ci abinci.

Ya kai uba, in an yi maka haihuwa a wannan mako, je ka rubuta ta kafin a watse daga taron suna. Malam mai horarwa, buɗe kundi, ka rubuta sunan kowane yaro da ranar haihuwarsa, ka ajiye kwafin takardarsa, ka yi masa lasisi tun yana ƙarami, kuma duk wanda ya zo maka da shawarar rage shekara ka sallame shi. Yaran da za su buga gasar 2029 haihuwar 2012 ne, suna nan yau a filayen Maraɗi da Tibiri da Jiratawa. A duba takardunsu tun yanzu.